Jar Furfura

Salama gare ku, 'yan uwa masu bin labarin nan nawa. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto wai na yi shiru ne don an ɗaura min aure a ɓoye ina can ina cin amarci. Ina ma haka ne. Gajiya ce kawai, irin wadda ko an kwanta ba ta sauka. Yanzu ma a kan kujerar roba nake rubuta muku, kuma in na ba ku labarin abin da ya faru yau ban san ko dariya za ku yi min ko tausayi ba. Ni dai na yi wa kaina duka biyun.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce Suriani, a gida Suri. Shekarata talatin da uku. Da ina koyar da ƙananan yara a birnin Kuantan, ina da ɗakina da ɗan baburina. Shekarar da ɓarin jikin Abba ya shanye na tattara na dawo ƙauyenmu na bakin teku, nan gefen Dungun, da niyyar in yi wata biyu in koma. Har yau ina nan. Umma ciwon baya ya hana ta ɗaukar ko bokitin ruwa. Yayana Azhar yana Kuala Lumpur da matarsa da 'ya'yansa, gudummawarsa kuwa ba ta wuce saƙon murya: “Suri, Allah ya ba ki lada, ke ce ginshiƙin gidan nan.” To, ginshiƙin ne ke ɗaga Abba da safe. Shi ke riƙe shi Umma ta yi masa wanka, shi ke ba shi kunun shinkafa da cokali, in ya samu barci kuma ginshiƙi ya hau keken ɗinki.

A shekarar da na dawo furfura ta fara. Sili biyu a gefen hagu, na tsige na yar. Suka dawo da danginsu. Yanzu daga goshi zuwa tsakiyar kai kamar an barbaɗa min gogaggiyar kwakwa. A waje ba wanda ya sani, mayafi ya rufa min asiri. Amma kafin a yi maganar aure ai sai matan gidan miji sun zo ganin yarinya. A zauna a ɗakin ciki, ki kawo shayi, ki durƙusa, can sai wata tsohuwa ta hau fifita da hannu ta ce, “Kai, ana zafi! Cire mayafin nan ki sha iska, 'yata, ai duk mata ne.”

Bara haka aka yi da wasu mutanen garin Kemaman. Na cire. Suka ƙura wa kaina ido. Goggon yaron ta dubi Umma ta ce, “Wannan ce, ko ƙanwarta muke jira?” Suka shanye shayinsu, suka cinye wainar kwakwar da na wuni ina soyawa, suka tafi. Ko a waya ba mu sake jin su ba. Umma ta daɗe in za ta yi min magana kafaɗata take kallo.

Shi ya sa da Roslan ya ce mamarsa da goggonninsa za su zo ranar Asabar, gidanmu ya rikice. Roslan makanikin injin jiragen kamun kifi ne a tashar jiragen garinmu. Mun haɗu ne wata rana da na kai Abba motsa jiki asibiti, ana tafka ruwa, tayar keken guragun Abba ta faɗa kwata ta ƙi fita, shi Roslan ya zo ya ɗago ta. Na girme shi da shekara uku. Ya sani, ya ce shi ba takardar haihuwa zai aura ba. Amma kaina bai taɓa gani ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ba. Ta ina ma zan fara?

Yau Alhamis da hantsi Goggo Latipah, ƙanwar Abba, ta iso a kan baburinta, hular kwano a kan mayafi, tukunyar ƙasa a kwandon gaba an ɗaure bakinta da tsumma.

“Ina tsohuwar?” ta ƙwala tun daga tsakar gida. “Ta fito, yau zan mayar da ita budurwa!”

“Latipah, rage murya mana,” in ji Umma. “Maƙwabta suna ji.”

“Su ji, Yaya. Wace ce a layin nan ban ƙunsa wa kai ba? Matar liman ma da hannun nan nawa take yaudarar mutane.”

Ni da na ce a bari in sayo rinin kanti, a shafa a wanke a huta. Umma ta ce ba a gidanta ba. Wai yana lulluɓe gashi ya hana ruwan wanka ratsawa, kuma Abba tun yana da lafiya ba ya son baƙin rini. Lalle dai, shi ba wanda ya taɓa cewa komai a kansa.

Goggo ta zaunar da ni a matakalar bayan kicin, ta ɗaura min tsohon zanin Umma a wuya. Lallen na bishiyar bayan gidanta ne. Ita ta shanya shi a inuwa, ta daka, ta tankaɗe da tsohon mayafi, ta kwaɓa tun jiya da baƙin shayi mai kauri da ɗan ruwan tsamiya. Da ta buɗe tukunyar sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya cika kicin ɗin.

“Buɗe kunnenki, kada ki ɓata min aiki,” ta ce, tana shafa min man kwakwa a goshi da bayan kunne don kada fata ta kama. “Hawa biyu ne. Yanzu lalle, da azahar mu wanke. Za ki ga kanki ya yi ja kamar cikin gwanda, ban da ihu. Nan take in dama shuni mu ɗora, shi zai kashe jan ya koma ruwan gahawa. Ga shi can a leda, garin ganyen baba ne na kantin Indiyawa, shi ba a kwaɓa shi sai an tashi sawa. In aka yi lalle ba a bi da shuni ba, wallahi gara furfurar.”

Ta fara tsagawa da tsinken mataji tana cusawa tun daga tushe. Sanyin lallen ya ratsa min ƙwaƙwalwa, kuma kada in ɓoye muku, daɗi na ji. Rabon da wani ya taɓa min kai har na manta. Na lumshe ido, su kuwa suka ci gaba da tsara ni a kan kaina kamar ba na wajen.

“Koriyar rigar nan za ta sa, mai aiki a hannu,” in ji Umma.

“A'a, Yaya, tana ƙara mata shekaru. Ruwan hodar.”

“Ta zauna ta ba taga baya.”

“Kuma ban da dariyar nan tata mai buɗe baki.” Goggo ta danna min kai ƙasa. “Ni abin da ban gane ba, Suri, ba aure ba, ba haihuwa ba, ba miji mai sa hawan jini ba. To me ya cinye miki kai haka?”

Sai Umma ta tashi wai za ta duba shinkafa, alhali tukunyar lantarki ce ke dafa abarta.

Da aka gama Goggo ta tattara gashin ta naɗe a tsakiyar kai, ta rufe da ledar kasuwa, ta ɗaure da tsohon tawul. Na leƙa fuskar wayata na ga kaina ya zama kabewa. A daidai lokacin saƙon Roslan ya shigo.

“Malama, me ake ciki?”

“Aikin gida.”

“Mama ta sa an wanke mota tun yau. Wai kada ku raina mu.”

“Ka ce mata mu ma nan ana ta wanke mu.”

Ya turo fuskokin dariya, sannan ya ƙara: “Akwai maganar da nake so mu yi, amma sai bayan Asabar.”

“Wace magana?”

“Ta alheri ce, in sha Allah.”

Ina cikin rubuta masa cewa ba na son ja min rai muka ji ƙarar faɗuwar abu mai nauyi daga ɗakin Abba.

Abba in yana son wani abu cokali yake bugawa a ƙarfen gado, ko ina bakin rijiya ina ji. Yau bai buga ba. Na tarar da shi a ƙasa, tsakanin gado da ƙofar bayi, goshinsa ya fashe a gefen kabad, lafiyayyen hannun nasa ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Umma ta zube tana salati. Goggo tana ta zagaye ɗaki da hannuwa duk lalle, ta rasa abin da za ta taɓa. Mazan layinmu duk suna teku. Na juya shi, na danne goshin da tawul ɗin kaina, na jingina shi da ƙirjina na ɗago shi zaune kamar yadda na saba, sannan na kira Roslan.

“Ka zo da mota. Abba ya faɗi.”

Bai tambayi komai ba. Kafin ya iso na fizgi mayafin da hannuna ya fara kaiwa a kan igiya, wani mai ruwan madara, na yafa a kan ledar. Muka kama Abba ni da shi muka sa a bayan motar aikinsu, kan Abba a cinyata, Umma a gaba. Muna fita ina jin Goggo tana bin mu da gudu tana kira, “Lallen! Suri, lallen!”

A asibiti aka shige da Abba, aka ce mutum ɗaya zai bi shi. Umma ta shiga. Ni da Roslan muka zauna a benci, shi a wancan ƙarshen ni a wannan, rigar aikinsa duk baƙin mai. Fanka tana juyawa a sama ba ta kawo komai. Ledar ta ɗauki zafi, kaina ya fara ƙaiƙayi, na ji wani abu yana gangarowa ta bayan kunnena. Ban kula ba. Hankalina yana kan hannun Abba: in wannan ma ya tafi, da me zai riƙe cokali?

Sai Roslan ya miƙe zumbur.

“Suri, jini! Ke ma kin ji ciwo? Nas! Don Allah, nas!”

Na shafa wuyana. Mayafin ya jiƙe tun daga kunne har kafaɗa, jaja-jaja da shi.

“Zauna, Roslan. Lalle ne.”

“Lalle? A wuya?”

“A kai.”

Ya tsaya yana kallona. Na sha tsara yadda zan faɗa masa maganar nan, da kalamai masu daɗi, wataƙila bayan an sa rana. Amma yau ko ƙarfin jin kunya ba ni da shi.

“Furfura gare ni. Ba sili biyu ba, rabin kaina ne. Ita ake rufewa saboda mamarka.”

Ya koma ya zauna a hankali. Har na fara cewa a raina, to, shi ke nan, an rage wa Umma wahalar soya waina.

“Shi ke nan maganar?” ya ce.

“Akwai wadda ta fi ta ne?”

“Ni na ɗauka kanki ne ya fashe!” Ya dafe ƙirji. “Haba, Malama. Ni da nake wuni cikin baƙin mai, ai in na dafa kan nan sau biyu ya koma baƙi, ba sai an wahalar da Goggo ba.”

Na yi dariyar nan tawa mai buɗe baki da aka hana ni. Daga dariyar sai hawaye, na juya masa baya na share da busasshen gefen mayafin.

“Ba kai ne abin tsoron ba,” na ce. “Mamarka ce.”

Ya sosa ƙeya. “Af. Na kira ta da na je ajiye mota. Ta ce ba za ku zauna da yunwa ba, tana gama girki za ta taho.”

“Ka yi me?”

“Ai ban san da lalle ba!”

Aka ɗinke goshin Abba, aka tura shi hoto, aka dawo da shi, aka sake cewa a jira likitan ƙashi. Azahar ta wuce ina bin keken da aka ɗora Abba daga wannan ƙofa zuwa waccan. Goggo ta turo saƙon murya ya fi a ƙirga, na buɗe ɗaya kawai: “Ki wanke shi, 'yar nan, in ya wuce lokaci ja zai yi kamar wuta!” Yaya Azhar ma ya turo nasa, wai a riƙa sanar da shi halin da ake ciki. Sai gab da la'asar aka ce tsagewa ce a wuyan hannu, za a ɗaure, kuma zai kwana. Roslan ya tafi mayar da motar aiki. Ni kuma na ja ƙafa zuwa masallacin mata na asibitin, don ko azahar ban yi ba.

Wajen alwalar ba kowa. Na cire mayafin, na ɓare ledar. Lallen ya bushe a gefe-gefe ya zama kamar laka, tsakiya kuma ya yi zafi ya dame. Ba sabulu, ba mataji. Na durƙusa na cusa kaina ƙarƙashin famfo ina murzawa, ruwan yana gangarewa kamar na kogi bayan ruwan sama. Bayana ya riƙe, hannuwana suka gaji, abin ya ƙi ƙarewa.

Sai na ji an ajiye kwanuka a bayana.

“Ba haka ake yi ba. Kina cukurkuɗa shi ne kawai. Matsa.”

Na ɗago da ruwa a ido. Gajeruwar mata ce mai tabarau, da doguwar riga ruwan toka, ga jerin kwanukan abinci a gefenta. Na san fuskar a wayar Roslan. Hajiya Rokiah ce, mamarsa.

Na rarumi jiƙaƙƙen mayafin zan rufe kaina.

“Ajiye wannan, ya riga ya mutu,” ta ce. Ta zare zobbanta ta zuba a aljihu, ta naɗe hannun riga. “Sunkuya.”

Na sunkuya. Me zan yi? Ta warware naɗin da Goggo ta yi, ta riƙa raba gashin kashi-kashi tana bi da yatsu daga tushe zuwa baki, ba gaggawa. Tun ina yarinya rabon da a wanke min kai. Na ƙura wa magudanar ruwan ido ina addu'ar ƙasa ta buɗe.

“Wa ya kwaɓa miki?”

“Goggona.”

“Ta iya. Da tsamiya ko?”

“Eh, Hajiya.”

“Sai dai ya daɗe. Tashi ki gani.”

Akwai ɗan madubi a bango. Jama'a, Goggo ta ce gwanda, amma gwanda ai mai sauƙi ce. Inda duk furfura take ya koma ja wur, daga goshi har tsakiya, sauran kuma baƙi. Kamar an kunna min wuta a gaban kai. Hajiya ta gyara tabarau ta duba da kyau, ta kama sili ta ɗaga wajen haske.

“To,” ta ce, “ko a duhu Roslan ba zai ɓatar da ke ba.”

Na rasa inda zan sa fuskata. “Da za a bi da shuni ne...”

“Don mu?” Ta ciro ƙaramin tawul daga jakarta ta miƙo min. “Uban Roslan tun yana ɗan talatin kansa ya zama ƙwai, ban ga wanda ya ƙunsa masa komai ba ranar da ya zo neman aurena. Goge. Ni ba gashi zan je gani gidanku ba, 'yata.”

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke min buhun shinkafa daga ka. Har na fara tunanin yadda zan ba ku labarin nan da daɗi. Ta ciro wani mayafi ruwan ƙasa daga jakar, wanda take ajiyewa saboda sallah, ta yafa min da hannunta, ta maƙale min da allurarta a ƙarƙashin haɓa.

“Abin da ke damuna daban ne,” ta ce, tana gyara min gefen. “Roslan ya ce kafin ya iso ke kaɗai kika ɗago mahaifinki daga ƙasa. Tun a mota nake ta juya abin a raina. In kun tafi Sandakan bayan Babbar Sallah, wa zai riƙa ɗaga shi?”

“Sandakan?”

Hannunta ya tsaya a kafaɗata.

“Aikin da ya samu a can, wajen masu ƙera jirage.” Ta dube ni ta saman tabarau. “Bai faɗa miki ba?”

Na girgiza kai. Sandakan fa. Can Sabah, tsallaken teku, inda sai an hau jirgin sama an sauka an sake hawa wani.

“Ikon Allah. To ai mahaifiyarki ta sani. Tun ranar da kawunsa ya je gaishe da mahaifinki aka faɗa.” Ta yi ajiyar zuciya. “Na yi suɓutar baki ke nan. Amma ban yi nadama ba. Ba a kai mace tsallaken teku ido a rufe.”

Na yi sallolina, ban san me na karanta ba. Na karɓi kwanukan na yi godiya. Na tarar da Umma a barandar ɗakin da aka kwantar da Abba, ta zauna a karkace saboda bayanta. Ta dubi baƙon mayafin da ke kaina, ta dubi kwanukan.

“Ta gani?” ta tambaya da ƙaramar murya.

“Ta gani. Ita ta wanke ma. Umma, mene ne Sandakan?”

Ta kawar da kai.

“Kin sani?”

“Na sani. Ni na roƙe shi kada ya faɗa miki sai an sa rana.”

“Saboda me?”

“Saboda na san abin da na haifa. Kafin ya rufe baki za ki ce a'a.”

“To wa zai ɗaga Abba? Ke? Ko Yaya Azhar ta waya?”

“Ban sani ba.” Muryarta ta karye. “Wallahi ban sani ba, Suri. Kullum da shi nake kwana nake tashi. Amma ina zaune ina kallon kanki yana fari a gabana, kin ɗauka ban san abin da ya jawo ba? Ɗazu da Latipah take tambaya, ji na yi kamar ta watsa min ruwan zafi. Gidan nan ya ci rabonsa a jikinki. Ya isa.”

Na zauna kusa da ita. Na so in yi fushi, na nemi fushin na rasa. Duk sun zauna sun yanke yadda rayuwata za ta kasance, da wadda ta haife ni da wanda yake cewa yana sona, ni kuwa an ba ni matakalar kicin da tukunyar lalle.

Wata nas ta leƙo. “Wace ce Suri? Tun ɗazu sunan da yake kira ke nan.”

Abba yana kwance, goshi a naɗe, hannu a ɗaure har gwiwa. Na gyara masa matashi, na goge masa gefen baki. Maganarsa tun da ciwon ya same shi a tauna take fita, ni kaɗai nake gane ta duka.

“Abba, me ya sa ba ka buga cokali ba? Ina nan bayan kicin fa.”

Ya daɗe yana haɗa kalmomin.

“Na... kusa... kaiwa.”

“Kaiwa ina?”

Ya nuna da ido, kamar ƙofar bayin gidanmu tana nan a gabansa.

“Jiya... na kai... ƙofa. Da kaina.” Ya numfasa. “In na iya... sai ki tafi.”

Ashe ba yau ya fara ba. Ashe duk lokacin da na hau keken ɗinki, ƙararsa ta cika gida, tsohon nan yana can yana bin bango da hannu ɗaya. Na kifa goshina a ƙarfen gadon. Ban yi kuka ba, na ɗazu ya ƙarar da abin da ya rage.

“In an... kwance hannun,” ya ce, “zan sake.”

“Ba za ka sake ba, Abba.”

“Zan sake.”

Wayata ta yi ta rawa a aljihu. Da ya samu barci na fito baranda na duba. Roslan ne.

“Mama ta faɗa min abin da ya faru.”

“Na so in faɗa miki da bakina, wallahi.”

“Suri, ki yi magana, ko zagi ne.”

Na daɗe ina kallon saƙonnin. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe ga abin da na tura masa:

“Ka ce wa Mama su dakata da zuwan Asabar. Kai nake so ka zo, kai kaɗai, ka zauna a gaban Abba da Umma. Zan kira Yaya Azhar, ba saƙon murya ba, ya hau mota ya zo da ƙafarsa. Duk abin da za a ce game da Sandakan a faɗe shi ina zaune. Ban ce a'a ba. Ban kuma ce eh ba.”

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Ban jira ba, na kira Yaya Azhar. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. A karo na uku ya ɗauka, da muryar nan tasa ta mai sauri.

“Suri, ina cikin taro ne. Yaya jikin Abban? Allah dai ya ba ki la...”

“Yaya,” na ce, “ajiye ladan nan tukuna. Fito daga taron, magana za mu yi.”